Kafso Biyu Don Mutum Biyu

Mudasiru ba mutum ne mai yawan tambaya ba. A Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ya koyi kanikanci, a hannun wani maigida wanda in ka tambaye shi abu sau biyu sai ya wurgo maka sifana. Don haka ya taso da halin duba abu da idonsa ya yanke hukunci shi kaɗai. Halin ya yi masa rana a Sanaiya, unguwar garejoji ta Doha, inda ya daɗe yana shan zafi har ya zama babba a kan masu gyaran inji a garejin wani Balarabe. Sai dai jikin mace ba injin mota ba ne, kuma saura ƙiris ya koyi wannan ta hanya mai ɗaci. Allah dai ya taƙaita.

Matarsa Zalihatu 'yar Aboabo ce, wata unguwa a Kumasi, tana aikin guga a wani otal. Suna zaune a Wukair, can bayan garin Doha, a ɗaki ɗaya cikin wani babban gida da aka rarraba da katako aka zuba 'yan haya. Sau biyu tana samun ciki, sau biyu yana zubewa. Na biyun ne ya fi yi musu ciwo, domin tun bai je ko'ina ba labari ya riga ya isa Kumasi. 'Yan uwa suka yi ta bugo waya suna murna, har wata gwaggo ta fara zaɓen suna. Da abin ya faru, mutanen nan dai su ne suka sake bugowa suna jaje, wannan ya ajiye wancan ya kira, Zalihatu tana kwance tana amsawa har muryarta ta dishe. Tun daga ranar Mudasiru ya yi rantsuwa. Dama a gidansu ba a ambaton ciki sai ya fito kowa ya gani da idonsa, su ne suka yi sakaci suka saki al'ada. Saboda haka da na ukun ya samu, suka kulle bakinsu. Daga su sai asibiti.

A asibitin unguwa aka ba ta ƙwayoyin masu juna biyu da na ƙarin jini. Ma'aikaciyar jinyar ta ce in da hali ta haɗa da omega, wani mai da ke taimakon ƙwaƙwalwar yaro da idonsa, ana samunsa a kowane kantin magani. Zalihatu ta dawo gida ta faɗa wa mijinta.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi. "Gobe zan taho da shi."

Washegari da aka tashi daga aiki ya shiga wani kantin magani kusa da gareji, farcensa duk baƙin mai. Bai kai ga buɗe baki ba ya ji an dafa kafaɗarsa.

"Massa! Kai ma ciwo na kama ka? Ni na ɗauka da ƙarfe aka ƙera ka."

Sadick ne, direban tankar ruwa, ɗan unguwarsu tun Kumasi. Mutumin kirki ne, zai iya tuɓe rigarsa ya ba ka, amma abin da ya shiga kunnensa da safe, kafin azahar ya sauka Aboabo. Ta bakinsa ma labarin wancan cikin ya fita.

"Ba ni ba ne, na gida ne," in ji Mudasiru.

"Zali? Me ya same ta?"

"Gajiya. Tsayuwar guga."

"Ayya, sannu. Ni kuwa basir ne ya hana ni zama a kujerar mota. Chale, da gefe ɗaya nake tuƙi yanzu."

Ka ji mutumin da ko basir ɗinsa ba ya iya riƙewa a ciki. Mudasiru ya juya wajen mai kantin, wani ɗan Indiya mai farin gilashi, ya ce masa omega yake so, na madam. Mutumin ya dube shi ta saman gilashi, ya zana tulun ciki a iska da hannunsa.

"Madam fi hamil?"

Wato ko tana da ciki. Mudasiru ya ji numfashin Sadick a bayan wuyansa, ya ji yadda ya yi tsit yana jiran amsa.

"Mafi!" ya ce da ƙarfi, wato babu. "Mafi hamil. Gajiya ce kawai."

Mai kantin ya ɗaga kafaɗa, ya jero masa kwalabe a kan teburi don ya zaɓa. Tun kafin ya gama jerawa idon Mudasiru ya tsaya a kan ɗaya mai hoton kifi. Karatun bokonsa bai yi nisa ba, amma wannan kam ya san shi. Man hantar kifi ne, irin wanda uwarsa ke ɗura musu da cokali suna yara, ta toshe musu hanci da yatsu suna zillo. Da shi aka raine su gaba ɗayansu, kuma babu wanda ya tashi da gwamen ƙafa. Ga shi yanzu an zuba shi a kafso, an huta da ƙarni.

"Wannan akwai omega a ciki?"

Mai kantin ya ce akwai, ya ɗaga yatsa ɗaya: guda ɗaya kullum.

A cikin motar komawa gida Mudasiru ya yi ta juya maganar a kansa. Guda ɗaya kullum, wannan ai na mutum ɗaya ne. Mai kantin bai san mutum biyu ne ba. In motar da aka yi don ɗaukar tan ɗaya ta ɗauki tan biyu, ai dole ka ƙara mata abin da za ta sha. Kafin su isa Wukair ya gama lissafinsa.

"Ɗaya da safe, ɗaya da yamma," ya ce wa Zalihatu yana miƙa mata kwalbar. "Naki da na baƙon."

Ta juya kwalbar a hannunta. "Maigida, ka gaya masa na mai ciki ne?"

"Zali, wannan abin da shi Mma ta raine ni. Dube ni. Na san abin da nake yi."

Ba ta ƙara tambaya ba. Shi kuma bai tsaya nan ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya biya wajen mahauci ya sayo hantar rago, domin kowa ya san hanta na ƙara jini.

Makonni suka yi ta wucewa. Laulayi ya lafa, Zalihatu ta yi haske, cikin ya wuce inda na baya suka tsaya, har ya fara turo abaya. Mudasiru yana kallonta yana jin daɗi, a ransa kuma yana ba kansa kaso mai tsoka na yabon.

Da kwalbar ta kusa ƙarewa ya ɗauki kwalinta ya koma kantin nan, aka ce irinta ta ƙare, sai wata mai hoton wani kifi daban. Bai yarda ya saya ba, don shi ba ya haɗa mai da mai. Ya cusa kwalin a aljihu ya koma gareji. A ranar ne Dakta Sakinatu ta kawo motarta. Bazazzagiya ce, likita a wani asibiti a Rayyan, ta daɗe tana kawo masa gyara, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa motar sai shi.

"Oga Mudasiru, motar nan gasa ni take yi. Na kunna sanyi, ita kuma tana huro mini wutar maƙera."

Ya duba, ya ce gas ne ya zurare, ba wani babban abu ba. Tana tsaye a inuwa tana fifita da gefen mayafi ya tuna da kwalin, ya zaro ya miƙa mata.

"Dakta, taimake ni da ido. Irin wannan ya ƙare a kanti. Wanne ne daidai da shi?"

Ta karɓa, ta juya bayan kwalin. "Kai ke sha?"

"Mai ɗakina."

"To. Ba dai juna biyu take da shi ba ko?"

Mudasiru ya sunkuya ya shiga goge hannunsa da tsumma, hannun da ya riga ya goge. Dakta ta daina fifita.

"Oga Mudasiru, ni ba gulma na zo yi ba. Aikina ne. E ko a'a?"

Ya waiga dama da hagu. Babu kowa kusa sai ƙarar injin iska. "E," ya ce can ƙasa. "Wata na biyar ya kama."

"Tun yaushe take sha?"

"Tun farko-farko."

"Guda nawa?"

"Biyu. Su biyu ne ai."

Ta rufe ido na ɗan lokaci, sannan ta buɗe. "Saurare ni da kyau. Omega yana ciki, ba ƙarya. Amma wannan daga hantar kifi aka matso shi, hanta kuwa nan ne rumbun bitamin A. Kaɗan ɗinsa yana da amfani. In ya yi yawa a watannin farko, lokacin da zuciyar yaro da fuskarsa da ƙwaƙwalwarsa ke haɗuwa, yana iya taɓa halitta. Shi ya sa muke hana masu ciki shan sa. Mai kantin bai tambaye ka ba?"

"Ya tambaya."

"Ka ce masa me?"

Mudasiru ya kau da kai, ya zuba wa tayar motar ido.

"Kai da ka kusa cinye ni ɗanye don na ƙara wa motar nan man da ba nata ba," in ji Dakta. Sai ta ga fuskarsa, ta sassauta murya. "Tsaya. Ban ce an yi ɓarna ba. Na ce ban sani ba sai na gani. Kira ta yanzu ta daina sha. Bayan la'asar ku zo gidana da duk abin da take sha, kwalba da kwali, kada ku bar ko ɗaya."

Bai kira ba, don wannan ba maganar waya ba ce. Ya damƙa wa abokin aikinsa motar Dakta, ya ari akori-kurar gareji ya kama hanyar Wukair. Ranar hutun Zalihatu ce. Ya same ta zaune a kan tabarma tana tsince wake, kwalbar tana kan firji inda take kullum. Ya ɗauke ta ya girgiza, 'yan ƙwayoyin da suka rage suka yi ƙara a ciki.

"Lafiya ka dawo da rana tsaka?"

Ya gaya mata. Bai ɓoye komai ba, har da mai kantin da hannunsa da ya zana ciki a iska, har da Sadick a bayansa. Zalihatu ta ajiye farantin waken a hankali, ta ɗora hannu biyu a kan cikinta.

"Mudasiru." Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa gatsal haka ba. "Mutum ya tambaye ka ƙiri-ƙiri, ka ce ba ni da ciki?"

"Sadick na tsaye."

"To ka fita mana! Ka ce ka manta wani abu, ka je wani kanti! Kantin magani ɗaya ne a Doha?"

Wannan dabarar ba ta taɓa zuwa masa ba, ko a lokacin ko bayan nan. Ya tsaya riƙe da kwalba kamar wanda aka dasa.

"Na tambaye ka," ta ce. "A ɗakin nan na tambaye ka, ka ce mini Mma." Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu, ta miƙe. Ta ɗauko leda ta tattara magungunan asibiti da kwalbar, ta zura abayarta. Har suka isa Rayyan fuskarta tana wajen taga.

Dakta Sakinatu ta tarbe su a falo, ta rungume Zalihatu kamar ta daɗe da saninta, ta zaunar da ita kusa da ita. Shi kuwa ta nuna masa wata kujera can gefe. Ta zazzage ledar a kan teburi, ta sa gilashi, ta ɗauki magungunan ɗaya bayan ɗaya tana karanta ƙananan rubutun bayansu, tana danna wayarta.

"Ƙanwata, na ruwa fa? Kin taɓa shan na cokali?"

"A'a, Anti. Kafson kaɗai."

"Wani maganin ƙarin ƙarfi, na kanti ko wanda aka aiko daga gida?"

"Babu."

"Hanta fa? Kina ci?"

Mudasiru ya ɗago kai. Ya yi gyaran murya daga kujerarsa. "Dakta, duk Juma'a nake kawowa. Ta rago. Don jini."

Dakta ta cire gilashin. Kafin ta yi magana Zalihatu ta riga ta.

"Anti, tambaye shi wa ke cinyewa."

"Ke da ni mana," in ji Mudasiru.

"Ni? Ni da ko warinta ba na iya shaƙa? Ɗankwali nake ɗaurewa a hanci in soya. In na kawo sai in ce na ci nawa a kicin, don kar ka ji babu daɗi. Kai kuma ka sa ƙwallo a waya, kana cewa Zali ci mana, Zali ci mana, hannunka na kai da kawo har faranti ya yi fes. Albasar kaɗai nake tsinta."

"Ko yanka ɗaya?" in ji Dakta.

"Ko ɗanɗane."

Dakta ta kwashe da dariya har da tafi. "Shi ya sa na ga kumatunsa sun fito! Ashe Oga ne ke renon ciki da hanta." Ta mayar da gilashin, ta ɗaga kwalbar. "To ku ji. Kafson nan ƙanana ne. Na haɗa abin da ke cikin guda biyu, bai kai iyakar da muke tsoro ba, da sauran tazara mai kyau. Ƙwayoyin asibiti kuma babu irin wannan bitamin a cikinsu, don haka babu abin da ya hau kan wani. Da na cokali take sha, ga hanta duk mako, ga wani maganin a kai, da ba haka zan yi muku magana ba. Amma a yadda abin yake, ban ga dalilin tashin hankali ba."

Zalihatu ta sauke wani dogon numfashi, ta kifa kanta a kafaɗar Dakta. Mudasiru ya ji kamar an ɗage masa mota daga kan ƙirji. Ya buɗe baki zai yi godiya, abin da ya fito kawai shi ne alhamdulillahi, ya maimaita, ya sake maimaitawa.

"Kada ka yi saurin miƙe ƙafa," in ji Dakta. "Ni ba ni ce likitarta ba. Gobe ta je ta faɗa wa likitarta duk abin da ta sha, a rubuta. Kuma lokacin babban hoton ciki ya yi, wanda ake duba gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Shi zai ƙarasa kwantar muku da hankali. Wannan kwalbar kuwa, kai ka shanye sauran, tunda kai ba ka da ciki."

Aka kawo shayi da cincin. Dakta ta juya wajen Zalihatu, ta bar mijin yana saurare daga gefe kamar ɗan rakiya. Ta ce omegan da ake so shi ne wanda aka matso daga naman kifi, ba hantarsa ba, ko kuma wanda aka yi daga tsiron teku, inda kifin ma yake samun nasa. Ta nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na masu juna biyu ne, ta juya baya ta tabbata babu bitamin A a ciki. Kada ta ɗora wani maganin bitamin a kan na asibiti, wai don ƙarfi ya ƙaru.

"Na asibitin ya ishe ki. Har na ƙarfin ƙashi yana ciki, wanda ake samu daga rana. Garin nan rana kamar ta narkar da mutum, amma wa ke shiga cikinta? Daga ɗaki sai mota, daga mota sai wurin aiki. Kifi kuma ki ci abinki, ƙanana irin su sadin. Manyan nan masu cin 'yan uwansu ki bar su sai kin sauka."

"Anti, ɓawon kafson fa? Wata a wurin aikinmu ta ce wasu da kitsen alade ake yi."

"Tambayi mai kantin, zai nuna miki. Akwai na kifi, akwai na tsiro. Tambaya ba ta cizo." Ta harari Mudasiru ta gefen gilashi. "Sai dai in an yi ƙarya wajen amsa."

Daga gidan Dakta ba su wuce ko'ina ba sai wani babban kantin magani a nan Rayyan. A bakin ƙofa Zalihatu ta miƙa wa mijinta jakarta.

"Riƙe. Kai aikinka ke nan yau."

Wata Bamisiriya ce a bayan teburin. Zalihatu ta matsa gabanta, ta dafe abayar a kan cikinta yadda tudun zai fito sosai, ta ce tana da ciki wata biyar, omega take so na masu juna biyu, ba na hanta ba. Matar ta yi murmushi ta ce mabruk, ta sauko da iri biyu. Suka haɗa kai suna duba baya, matar tana bi da farce tana nuna mata. Ɗaya na naman kifi ne, ɗaya na tsiron teku, ɓawonsa ma na tsiro. Zalihatu ta tambayi wanne ne ba ya taso da ƙarni in an yi gyatsa, aka nuna mata na tsiron, ta ce shi take so.

"Guda nawa kullum?" ta tambaya da ƙarfi, idonta a kan mijinta.

Matar ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Ka gani ko? Ɗaya. Mu biyu, ɗaya."

"Na gani," in ji Mudasiru, jakar mata rataye a hannunsa. Wani Bafilifine da ke bayansu a layi bai ji Hausa ba, amma ya gane komai, yana ta danne dariya.

A hanyar gida ta juyo da fuskarta daga taga. Ba ta ce ta yafe ba, amma ta ce ya tsaya ya saya mata shayin karak, kada a cika sukari, kuma ta bar masa rabin kofin.

Washegari likitarta ta asibitin unguwa ta saurari labarin, ta duba kwalin, ta faɗi kusan abin da Dakta ta faɗa, ta sa musu ranar hoto cikin makon. Hankalin Mudasiru ya kwanta, amma ba duka ba. Wani ɗan abu ya rage kamar tsakuwa a takalmi. Yana cin abinci, yana wasa da abokan aiki, sai can ya tuna, ya tsaya riƙe da sifana yana kallon bango.

Ranar hoton ya ɗauki hutu, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Aka shiga da Zalihatu, aka bar shi a kan benci wajen zaman maza, tare da wani Basudane da ke ta kaɗa ƙafa. Mudasiru ya ja carbi har yatsunsa suka gaji. Mutumin da ke iya kwana a ƙarƙashin tirela bai ƙosa ba, yau zaman benci ya gagare shi. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Can wata ma'aikaciya ta leƙo ta kira mijin Zalihatu.

Ɗakin da ɗan duhu. Zalihatu tana kwance, wata likita dattijuwa tana yawo da wani abu a kan cikinta, idonta a kan allo. Da farko bai ga komai ba sai baƙi da toka-toka, kamar talabijin ɗin da eriyarsa ta karye. Likitar ta nuna da yatsa tana magana a hankali, Zalihatu tana mayar masa da Hausa.

"Ta ce ga kai nan, daidai yake. Ga leɓe, a haɗe yake. Ga ƙashin baya."

Sai ya gani. Ƙashin bayan ya fito ɓaro-ɓaro, ƙwaya bayan ƙwaya kamar sarƙar keke, babu inda ya tsinke. Likitar ta matsa gefe, wani ɗan abu ya bayyana yana buɗewa yana rufewa da sauri. Ta murɗa wani maɓalli, ƙara ta cika ɗakin, fat-fat-fat-fat.

"Zuciya ce," in ji Zalihatu. "Ta ce ɗakunanta huɗu duk sun cika."

Mudasiru ya karkata kai ya kasa kunne, yadda yake yi in an tayar masa da inji. Ya saurara, ya ƙara saurara, yana neman inda za ta yi tsalle ko ta yi tari. Babu. Tafiya take yi sumul.

"Ba ta yi sauri da yawa ba?" ya tambaya.

Zalihatu ta mayar wa likitar, matar ta yi dariya ta ce haka tasu take, ta ce duk abin da ta duba lafiya yake, su ci gaba da zuwa awo kamar kowa. A daidai nan abin da ke allon ya ɗaga wata 'yar ƙafa ya yi harbi, Zalihatu ta ce wash, ta dafe gefen ciki.

"Ta ce ko muna son sanin mace ne ko namiji."

"A'a," in ji Mudasiru da sauri. "Ta bar shi. Wanda na ji ya ishe ni."

Suka fito filin ajiye motoci, rana ta take, kwalta na tururi. Sun kusa isa motar sai Mudasiru ya tsaya cak. Ya zauna daɓas a kan dakalin gefen hanya, da farar jallabiyarsa da komai, ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suka yi ta rawa, shi kansa bai san ko dariya yake ko kuka ba.

Zalihatu ta tsaya a kansa, inuwarta ta rufe shi. Ta bar shi ya yi mai isarsa.

"Maigida, tashi. Mutane na kallonmu. Za su ce mummunan labari aka ba mu."

"Bari ƙafata ta dawo."

"Ƙafarka ta dawo a mota. Dakalin nan zai gasa ka, kuma ni zan wanke rigar." Ta miƙa masa hannu. "Yalla, mu tafi. Yunwa muke ji."

Ya kama hannun, amma bai yarda ya ɗora mata nauyinsa ba. Ya dafa ƙasa da ɗaya hannun ya miƙe da kansa, ya kakkaɓe bayansa, ya zagaya ya buɗe mata ƙofa.